Ma'anar kalmar "stray" da yadda ake amfani da ita

Tambaya: Malam, ina yawan cin karo da "stray bullet" da "stray dog" a jaridun Turanci, kwanan nan kuma na ga an rubuta "he strayed from the topic". Kalma ɗaya ce ko daban-daban? Mene ne kuma bambancinta da "wander"?

Amsa: Kalma ɗaya ce, Malam, kuma jigonta ɗaya ne: akwai inda ya kamata abu ya kasance, sai ya kauce daga wurin. Idan ka riƙe wannan, sauran ma'anonin za su zo maka da sauƙi.

Tun farko da dabbobi aka san kalmar. Ta shigo Turanci daga tsohon Faransanci, ana nufin dabbar da ta ware daga garke. A tsohuwar dokar Ingila ma akwai "estray", wato dabbar gida da aka tsinta ba a san mai ita ba. Idan aka yi cigiya har shekara guda da kwana ɗaya ba wanda ya zo, sai ta zama ta sarki ko ta mai mallakar yankin. Shi ya sa har gobe "stray dog" kare ne marar ubangiji, ko wanda ya ɓace wa mai shi. Ana iya cewa "a stray" kawai, a matsayin suna, kowa ya gane kare ko kyanwa ake nufi.

A matsayin aikatau, abin lura shi ne ƙaramar kalmar da ke biye da ita. "Stray from" barin inda ya dace ne: "the child strayed from his mother", yaron ya yi nisa da mahaifiyarsa ba da niyya ba. "Stray into" kuwa faɗawa ne inda bai kamata ba: "the cattle strayed into the farm", shanu sun ratse sun shiga gona. Da ita ake bayar da labarin jirgin sama da ya kauce ya shiga sararin wata ƙasa. A nan kalmar tana ɗauke da uzuri, domin tana nuna ba da gangan aka yi ba. Ɗan jaridar da ya rubuta "strayed into" maimakon "invaded" ya riga ya sassauta wa mai laifin, ko ya sani ko bai sani ba.

Misalinka na "strayed from the topic" shi ne abin da muke cewa ya saki layi, ko ya bauɗe daga maganar da ake yi. Idan kuma aka ce magidanci "has strayed" aka yi shiru, to sakaya zance aka yi: ya ci amanar aure.

"Stray bullet" harsashi ne da ya sami wanda ba shi aka auna ba. Masu fassara kan ce harbin kan mai uwa da wabi, amma a ganina ba daidai ba ne. Wancan harbi ne da ba a ware kowa ba, shi kuwa wannan tsautsayi ne ya kai shi kan wani. Daga nan matasa a intanet suka samo "catching strays", wato ana faɗa tsakanin mutum biyu sai baƙar magana ta faɗa kan na uku da bai ji ba bai gani ba.

Bambancinta da "wander" a fili yake. "Wander" yawo ne ba tare da wata manufa ba, babu laifi a ciki, mutum na iya yinsa a kasuwa don nishaɗi. "Get lost" kuwa ɓatan kai ne, ka rasa hanyar komawa. Mai "stray" yana iya sanin hanya sarai, kaucewa dai ya yi.

Kurakurai biyu ne suka fi yawa. Na farko, wannan aikatau ba ya ɗaukar karɓau, don haka ba a cewa "he strayed the boy". Idan wani ne ya ɓatar da yaron, "he led the boy astray" za ka ce. Na biyu, "astray" ba ta zuwa gaban suna, saboda haka babu "astray dog". Tana bin aikatau ne, musamman "go" da "lead". Wasiƙar da ba ta isa ba "went astray", haka kuma fassarorin Alƙur'ani da dama na Turanci suka yi amfani da "astray" wajen fassara ɓatattu a ƙarshen Fatiha.

Wajen furuci, kada ka raba baƙaƙe ukun farko da wasula ka ce "sitire". Gaɓa ɗaya ce, tana ƙarewa da sautin da ke cikin "day". Kada kuma ka ƙara mata "t" a ƙarshe, domin za ta koma "straight", wato miƙaƙƙe, kusan kishiyar abin da kake son faɗa.