Mu kwana a Naivasha kafin safari ko bayan mun dawo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni da maigidana za mu je Kenya ganin namun daji a Maasai Mara cikin watan Agusta, mai shirya mana tafiyar ya ce mu ƙara kwana biyu a wani masauki mai lambu a bakin tafkin Naivasha. Dan Allah kafin mu shiga daji ya fi ko bayan mun fito? Kuma wai akwai hatsari? Daga wata ƙanwarki a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni dai a ganina ku bari sai kun fito. A Mara tun da asuba ake tashinku, ku wuni cikin mota ana ta jijjiga ku ga ƙura, kuma Agusta lokacin ƙaurar dabbobi ne zuwa Mara daga gandun dajin Serengeti na Tanzaniya, ba wanda zai yarda ya koma barci. In kun gama wannan jikinku ne da kansa zai nemi wurin hutu, kuma Naivasha kusan kilomita 90 ne kawai zuwa Nairobi, kin ga ranar tashin jirgi ba sai kun yi ta gudu ba.

Maganar hatsari kuwa, eh akwai, dorina ce. Da rana tana cikin ruwa kunnuwa da hanci kawai za ki hango, amma da dare fitowa take ta ci ciyawa, wani lokacin har cikin lambun masaukin, gaban ɗakuna. Kar ki ga ƙibarta ki raina ta, ta fi mutum gudu, kuma in kin shiga tsakaninta da ruwa to an samu matsala. In duhu ya yi ki sa a kira muku mai gadi ya raka ku da tocila, ko da cin abinci za ku je. Wannan ba abin jin kunya ba ne wallahi.

Da safe ku hau kwale-kwale zuwa Crescent Island, wani tsibiri a tafkin, can a ƙafa ake yawo tsakanin raƙuman dawa da jakunan dawa, ko ku je gandun dajin Hell's Gate da ke kusa ku hau keke.

Naivasha kan tudu take, sama da mita 1,800, dare akwai sanyi sosai, ki tafi da rigar sanyi da safa. Ki tambaye su batun naman halal tun kafin ku biya kuɗi, in babu ga kifi nan. Kar ku manta katin allurar shawara.