Hannun Baba yana motsi idan ya firgita: sauƙi ne ya zo, ko cutar da shi muke yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu yana da shekara 67, wata biyar ke nan da ya samu shanyewar ɓarin jiki, wadda a mustashfa, wato asibiti, suka ce mana jalɗa ce. Ta taɓa masa hannu da ƙafar dama. Yanzu yana takawa da sanda, muna kuma kai shi gashi, wato motsa gaɓoɓi a asibiti, sau biyu a mako. Hannun ne ya ƙi. Idan aka miƙa masa finjalin gahawa sai ya yi ta fama, kafaɗa ta ɗage, jiki ya karkace, hannun bai kai ba. Ran Juma'ar da ta wuce yana cikin wannan faman sai tire ya suɓuce wa ƙanwata ya faɗi a kan tayil. Nan take hannun ya zabura gaba har ya kusa taɓa finjalin, a kan idonmu duka. Tun ranar gidan ya rabu biyu. Yayanmu ya ce hannun lafiyarsa ƙalau, Baba ne ya saki jiki. Wani mai magani da aka kawo ya ce iska ce ta riƙe hannun, tsoro ne ke sa ta saki, don haka a riƙa razana shi safe da yamma. An fara, da buga ƙofa da murfin tukunya. Baba ya daina barcin kirki, ni kuma hankalina ya tashi. Don Allah sauƙi ne ya zo, ko cutar da shi muke yi? Daga wata mai karatu, Shara Mansur, Makka.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce. 'Yar'uwa, a daina buga ƙofar nan da murfin tukunyar nan yau, kafin ma ki gama karanta amsata.

Abin da kuka gani ya faru da gaske, kuma sananne ne a wurin masu gashi. Tunda kin yi wata biyar kina zirga-zirgar asibiti ba sai na tsaya bayanin jalɗa, wato toshewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, ba. Abin da ba a cika gaya wa iyalai ba shi ne umarnin motsi ba ta hanya ɗaya yake sauka zuwa laka ba. Akwai babbar hanya da ke tasowa daga ɓawon ƙwaƙwalwa, ita ce mai kula da motsin ganganci da aikin yatsu, kuma ita jalɗa ta fi lalatawa. Akwai wata da ke tasowa daga tushen ƙwaƙwalwa, inda ta haɗu da laka, wadda ta fi kula da gangar jiki da kafaɗa da gwiwar hannu. A yawancin masu irin ciwon Baba wannan ta biyun tana nan ba abin da ya same ta. Ta wannan hanya ta biyu firgita take bi.

A 1999 Josep Valls-Solé da abokan aikinsa a Basalona ta ƙasar Sifen suka nuna cewa mai lafiya da ya shirya wani motsi yana jiran a ce "yi", idan aka sakar masa ƙara mai tsanani a daidai lokacin, motsin da ya shirya ɗin ne ke fita, da saurin da ba zai iya yi da gangan ba. Abin da ke ɗaukar kusan milisakan 170 (milisakan dubu ne sakan ɗaya) sai ya fito a ƙasa da 100. Kamar tarko ne da aka riga aka ɗana: ƙarar ba ita ta ɗana shi ba, taɓa shi kawai ta yi. A 2012 Claire Honeycutt da Eric Perreault a Shikago ta Amurka suka gwada haka a kan masu shanyewar jiki. Suka samu cewa lanƙwasa gwiwar hannu na fita da sauri kusan irin na masu lafiya, amma wajen miƙe ta sai tsokokin lanƙwasawa su yi kutse inda ba a neme su ba. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu ga karkacewar jikin da kika ambata. Tun 1967 masu bincike a Rasha suka gano cewa kafin hannu ya tashi, tsokokin ƙafa da na gangar jiki sun riga shi fara aiki da ɗan ƙiftawar ido, don su tokare jiki kada nauyin hannun ya rinjaye shi. Mai lafiya bai ma san yana yi ba. Bayan jalɗa wannan share fage yakan makara, ko ya yi rauni, ko ya ƙi zuwa. Shi ya sa Baba ke bin finjali da ƙirji da kafaɗa maimakon hannu. Wani bincike da aka wallafa a 2022 daga Wuhan ta ƙasar Sin, a kan waɗanda ba su daɗe da ciwon ba, ya samu cewa firgita tana ƙara yawan lokutan da tsokokin share fagen nan ke tashi, amma ba ta sauya tsarin da kowane aiki ke fara tsokokinsa da shi ba. Wato ranar da tire ya faɗi, Baba ya riga ya ƙulla niyyar kai hannu, ƙwaƙwalwarsa ta tsara motsin, ƙarar ta fizgo shi. Wannan albishir ne daidai gwargwado, domin ya nuna ƙwaƙwalwar na iya tsara aikin, wajen aika saƙon ne ake samun cikas. Iyakar abin da ya nuna ke nan.

Maganar yayanku kuwa, da ta mai maganin, a wurina magana ɗaya ce da aka sauya wa riga: hannun lafiya yake, wani abu ne ya hana, ko lalaci ko iska, kuma tsoro zai kore shi. Wannan maganar ta ishe ni. Ba a rufa mako ban ji ta ba, daga 'yan unguwar Hindawiyya ta Makka, daga 'yan Jidda, har daga masu boko da ya kamata su fi haka sani. Hannun da ya shanye yana iya ɗagawa idan mai shi ya yi hamma, yana iya ƙanƙamewa idan ya yi tari ko atishawa. Likitocin jijiya sun daɗe da rubuta wannan. Shin hamma ma korar aljani take yi? Motsin da ya fito ta ƙarƙashin ikon mutum daban, motsin da ya yi da nufinsa daban. Wanda ya ga na farko ya yanke hukunci a kan na biyu ya zalunci mara lafiya, ko da ɗansa ne na cikinsa.

Mu duba abin da murfin tukunya ke yi wa Baba. Hanyar da firgita ke bi ita ce dai hanyar da masana da yawa ke dangantawa da sandarewar tsoka bayan jalɗa, inda gwiwar hannu ke naɗewa, hannu ya manne a ƙirji, yatsu su dunƙule. Masu wannan sandarewar an sha ganin firgitarsu ta fi ta kowa ƙarfi. Kin tuna kutsen tsokokin lanƙwasawa da aka gani a Shikago? Abin da Baba ke buƙata don ɗaukar finjali shi ne ya miƙe gwiwa ya buɗe tafi, ku kuwa kullum kuna tsokano masa naɗewa. Ga faɗuwa. Dattijo mai sanda, ɓari ɗaya ba ƙarfi, tsokokin da ke tokare shi suna makara, a buga masa ƙofa yana tsaye a bakin banɗaki, sai ya tafi ta ɓarin da ba shi da hannun karewa. Karayar ƙugu a wannan shekarun tana iya kwantar da mutum kwanciyar da ba zai sake tashi ba. Ga kafaɗa, wadda tsokokinta suka saki, kan ƙashin na iya zamewa daga gurbinsa, fizga kuma na ƙara mata ciwo. Ga hawan jini, wanda shi ne kan gaba wajen kawo jalɗa, ku kuna tayar masa da bugun zuciya safe da yamma kuna hana shi barci. Kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka yi jalɗa suna faɗawa ciwon damuwa ko ba a yi musu komai ba, balle wanda ya zama ba shi da aminci a ɗakinsa.

Kuma abin ba ya ɗorewa. Jiki na sabawa da ƙara. Yau ƙofa ta yi aiki, jibi ba za ta yi ba, sai mai magani ya ce iskar ta yi taurin kai, a ƙara. Daga nan ake zuwa watsa ruwan sanyi, daga nan sai ƙarfe mai zafi a fatar da ba ta jin zafi sosai, a jikin mai ciwon suga wani lokaci, gyambo ya zauna wata da watanni. Na ga irin waɗannan tabban a dantsen mutane. Mai maganin ya karɓi riyalolinsa ya yi gaba, ba ya nan ranar da ake wanke gyambon. Ban hana kowa addu'a ko ruƙiyya ta shari'a ba, a yi wa Baba a hankali, a tofa masa, zai ji daɗi. Amma Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce bai halatta ga Musulmi ya tsorata Musulmi ba, kuma dalilin faɗar ma wasa ne sahabbai suka yi wa wani da ke barci. Wannan a kan aboki ke nan. Ina ga mahaifi, wanda aka hana mu ce masa ko da "tir"? Ki karanta wa yayanku wannan sakin layin, ki ce in ji ni.

Za ki iya cin karo da labarin cewa ana gwada ƙara a matsayin magani. Haka ne, akwai ƙananan gwaje-gwaje. Amma a can mutum na zaune ne a kujera mai kariya, an manna masa na'urar auna aikin tsoka har a wuya, ƙarar an auna ƙarfinta, ta ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba ce, ana sako ta jefi-jefi cikin gwaji masu yawa, bayan an tantance lafiyarsa kuma ya amince. Har yanzu bai zama magani da ake rubuta wa marasa lafiya ba. Kuma motsin yatsa ɗaya-ɗaya, irin na jan carbi ko ɓalla maɓallin riga, firgita ba ta fito da shi yadda take fito da na kafaɗa.

Abin da za ki yi da labarin tiren shi ne ki kai wa mai yi masa gashi, dalla-dalla: yana zaune ne, ina finjalin yake, gwiwar ta miƙe ko kafaɗa ce ta jefa hannun, yatsu sun buɗe ko a'a. Ki roƙa a duba gangar jikinsa, ba hannu kaɗai ba. Sau biyu a mako ya yi kaɗan ga hannu, na kuma san yadda ake jan mutane da mau'idi, wato ranar ganin likita, da takardun tahawil na turawa wani asibiti, har watannin farko, waɗanda sauƙi ya fi sauri a cikinsu, su wuce a layi. Don haka ki nemi a koya muku aikin gida a rubuce. Galibi zai ƙunshi zama a kujera mai tauri, ƙafafu biyu a ƙasa, hannu a kan tebur bisa tsumma mai santsi, ya tura zuwa ga kofin roba da ke kusa ba tare da ƙirji ya bi ba. A gaya masa abin da zai yi, a ba shi lokaci ya shirya, sannan a ce "bismillah, kai hannu" da murya ta yau da kullum. A maimaita da yawa, a huta idan kafaɗa ta fara ɗagewa, kada kuma kowa ya ja shi ta wannan hannun wajen tayar da shi.

Ki gaya wa likitansa batun rashin barcin, a auna jininsa cikin makon nan. Idan kuma kuka ga baki ya sake karkacewa, ko magana ta sarƙe, ko wani sabon rauni ya zo farat ɗaya, ku kira 997, lambar motar asibiti ta Saudiyya, nan take, domin allurar narkar da gudan jini tana da iyakar awa huɗu da rabi daga fara alamun.