Mun Haihu a Amurka, Mai Cike Takardun Haraji Ya Ce In Rubuta Mun Rabu

Assalamu alaikum Anti,

Ni 'yar Kano ce, ina zaune da maigidana a unguwar Bronx ta birnin New York. Allah Ya sauke ni lafiya a ƙarshen Disambar 2025, muka samu 'ya mace, ita ce ta fari. Maigidana yana aiki a kamfanin jigilar kaya, ni kuma ina kula da tsofaffi a gidajensu, kuma tare muka saba cike takardar haraji a matsayin miji da mata. Bana wani mutumin unguwarmu da ke cike wa jama'a takardun ya ce kuɗin da za a dawo mana zai ƙaru sosai idan na rubuta cewa mun rabu kuma ni kaɗai ke riƙe da gida, shi maigidan ya cike tasa a matsayin marar aure, sannan a sa sunan ɗan yayansa da ke Kano wanda muke biya wa kuɗin makaranta. Ya ƙara da cewa in ba haka muka yi ba, jaririyar ba za ta jawo mana komai ba, tunda kwanaki kaɗan ta yi a cikin shekarar.

Maigidana ya amince, domin hidimar suna da kuɗin jirgin mahaifiyata da ta zo yi mini wankan jego sun cinye abin da muka tara. Ni dai hankalina bai kwanta ba, musamman da yake ta hanyar aurenmu na samu takardar zama, kuma ina da niyyar neman zama 'yar ƙasa. Da na nuna shakka sai ya ce na ƙi taya shi ɗaukar nauyi. Mene ne haihuwa ke canzawa a harajinmu, kuma yaya zan yi da maigidana?

Mai jego, Bronx

Wa alaikumus salam 'yata,

Barka da sauka lafiya, Allah Ya raya ta bisa tafarkin addini. Kada ki sa hannu a wannan takarda, domin abin da mutumin nan ya tsara muku ƙarya ce tsagwaronta, kuma hukumar haraji ta IRS kan wanda sunansa ke jikin takarda take dawowa.

Maganarsa a kan kwanakin jaririyar ba gaskiya ba ce. A dokar Amurka, yaron da aka haifa ko da ranar 31 ga Disamba ne ana lissafa shi kamar ya yi shekarar gaba ɗaya, muddin gidanku ne gidansa tun haihuwarsa. Saboda haka kuna da haƙƙin rangwamen haraji na yara, wanda ya kasance dala 2,000 daga 2022 zuwa 2024, kuma dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ta ɗaga shi zuwa dala 2,200 a kan kowane yaro ɗan ƙasa da shekara 17. Daga harajin kansa ake cire wannan kuɗi. Idan harajin da ake bin ku bai kai haka ba, ana iya biyan ku har dala 1,700 a hannu, gwargwadon abin da kuka samu daga aiki, kuma rangwamen ba ya fara raguwa ga ma'aurata sai kuɗin shigarsu ya haura dala 400,000. Sharaɗin da bai kamata ku yi sakaci da shi ba shi ne lambar soshiyal ta jaririyar, wato lambar shaida ta Social Security da gwamnatin Amurka ke bayarwa: dole ta fito kafin wa'adin miƙa takardu, wanda yake 15 ga Afrilu idan ba ku nemi ƙarin lokaci ba. Akwai kuma rangwamen ma'aikata masu ƙaramin ƙarfi, wanda haihuwa ke faɗaɗa shi ƙwarai, sannan jihar New York tana da nata rangwamen yaran. Duk waɗannan halak ɗinku ne. Ku sani dai IRS ba ta sakin kuɗin masu neman rangwamen ma'aikata ko kuɗin yara na hannu kafin tsakiyar Fabrairu.

Matsayin mai riƙe da gida shi kaɗai an tanade shi ne ga marar aure, ko matar da mijinta bai zauna a gidan ba tsawon watanni shida na ƙarshen shekara. Abin da ke jan mutane shi ne lissafi: a 2025 ana yafe wa ma'aurata haraji a kan dala 31,500 na farko, amma idan ɗaya ya ɗauki dala 23,625 na mai riƙe da gida, ɗayan ya ɗauki dala 15,750 na marar aure, jimillar ta fi yawa. Idan aka gano, za ku mayar da kuɗin da tara da ruwa a kai, kuma ana iya hana ku rangwamen yara shekara 2 idan ganganci ne, shekara 10 idan zamba ce. Naki haɗarin ya fi na maigidanki, domin jami'an shige da fice sukan nemi takardun haraji a matsayin shaidar zaman aure. Macen da ta ce wa wata hukuma tana da aure, ta ce wa wata sun rabu, ta jefa takardar zamanta cikin matsala da hannunta.

Ɗan yayan maigidanki ba ya shiga, domin dole yaro ya zauna tare da ku fiye da rabin shekara kuma ya mallaki lambar soshiyal. Kuɗin makarantarsa zumunci ne, ladansa na wurin Allah.

Idan kin koma aiki kuna biyan gidan raino, za ku iya neman wani kaso na dala 3,000 na farko da kuka kashe a kan yaro ɗaya, da sharaɗin ku rubuta sunan mai rainon da lambarta ta haraji, don haka ki riƙa adana rasit. Rainon da Mama ke yi kyauta ba ya cikin wannan.

Shi kuwa maigida, na fi zaton nauyi ne ya yi masa yawa, don haka kada ki tunkare shi da kalmar zamba. Ki bari sai ya huta, ki nuna masa lissafin abin da za ku samu ta hanyar gaskiya, ki roƙe shi ku je tare wurin masu aikin sa kai na shirin VITA, waɗanda ke cike wa masu ƙaramin ƙarfi takardu kyauta. Duk mai cike takarda don kuɗi wajibi ne ya sa hannu ya kuma rubuta lambar rajistarsa, kuma za ki ga irin mutumin nan yakan ƙi yin haka. Idan buƙatar ta gaggawa ce, maigidan ya sabunta fom ɗin W-4 a wurin aikinsa ya sa jaririyar, sai a rage abin da ake cire masa a kowane albashi. Ɗayanku kaɗai zai sa ta a fom ɗin, domin idan kuka sa ta ku biyu, abin da aka cire zai gaza, a biyo ku bashi a ƙarshen shekara.

Anti