Ɗana da yawon baburan Lahadi: na sa an sassauta masa birkin gaba, ko na yi daidai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Garwa ne a ƙasar Kamaru, na daɗe ina hawan babur kafin ciwon gwiwa ya sauke ni. Ɗana mai shekara 23 ya sayi nasa. Duk Lahadi tun da asuba sai ya wanke shi, ya je ya haɗu da abokansa kusan 15, su yi ta zagaya baburan juna suna shafawa kamar masu taya saniya a kara, sannan su ɗunguma Lagdo ko Pitowa, sai la'asar. Uwarsa ba ta iya sa loma a baki sai ta ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida. Me suke samu a wannan yawo? Don in rage haɗari, na kai babur ɗin wurin wani mai gyara ya sassauta birkin gaba, tunda shi ke kifar da mutum. Akwai abin da zan ƙara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba da sauƙin gwiwa, ya kwantar wa Hajiya hankali. Shekaruna sun haura 20 ina gyaran babur a garin nan, kuma rabin waɗannan samarin a garejina suke canza baƙin mai ranar Asabar, don haka na san su.

Abin da suke samu ba baƙo ba ne a wurinka. Ka tuna ranar hawan salla a ƙofar Lamiɗo, yadda mutum ke tsayawa yana duba linzami da sirdin dokin wani, yana tambayar inda aka ɗinka jalala? To shi ne wannan, doki ne kawai ya koma ƙarfe. Kwana shida babur jaki ne: ya kai yara makaranta, ya ɗauko buhun masara, wani ma kilando, wato acaɓa, yake yi da shi tun safe har dare. Ranar Lahadi ce kaɗai yake zama abin ado. Ga zafin Garwa, wanda a watan Maris da Afrilu yake wuce digiri 40. Da ka haye gadar Binuwai iska ta bugi ƙirjinka, sai ka ji kamar an sauke maka kaya. Tafiyar kilomita 50 da ɗoriya, a je bakin madatsar Lagdo a ci karfasa gasasshiya, a yi azahar, a juyo. A hanya ma'aikacin ofis da ɗan kilando duk ɗaya suke, wanda tayarsa ta yi faci kowa zai tsaya masa.

Kallon baburan juna kuwa, ni ina murna da shi. A nan wani zai ce wa wani sarƙarka ta saki, tayarka ta gaba ta shafe, salansar nan tana yoyo. Sau da yawa yaro yakan zo mini Litinin ya ce abokai ne suka ga abin, shi bai lura ba. Abin da ba na so shi ne masu cire madubi wai don babur ya yi kyau, amma wannan maganar wata rana ce.

Yanzu ga inda hankalina ya tashi, kuma ka yi haƙuri, Alhaji, ba zan ɓoye maka ba. Sassauta birkin gaban nan ya fi yawon Lahadin kansa haɗari. Kada yaron ya sake fita da babur ɗin a haka ko zuwa masallaci.

Wannan magana ta cewa birkin gaba ke kayar da mutum, kullum sai na ji ta, wallahi kullum. Mutum ya sayo sabon babur a kwali, tun ba a gama ɗaura shi ba sai ya ce a kwance masa wayar birkin hannu. Makon da ya wuce aka turo mini wani babur kansa ya lotse. Na kama hannun birkin, sai ya tafi luf har ya taɓa roba ba tare da ya riƙe komai ba. Na duba ƙasa, wayar ta yi tsatsa ta daskare a cikin bututunta, gizo-gizo har ya yi saƙa a jikin notin. Na buɗe gangar gaba, takalmin birkin sabo fil kamar yau aka sa shi, na baya kuwa ya cinye har ƙarfe na cin ƙarfe. Mai shi yana gida da karaya, saniya ce ta tsallako masa a hanyar Ngong, ya taka birkin ƙafa iya ƙarfinsa, babur ya ja shi har cikinta.

Ka hau babur, ka san abin da jikinka ke yi idan ka taka birki: gaba kake zamewa. Nauyin babur ɗin ma haka yake yi, ya koma kan tayar gaba ya danne ta da kwalta, ta baya kuma ta yi sakayau. Tayar da aka danne ita ke riƙe ƙasa. Shi ya sa a makarantun koyon tuƙin babur ake koyar da cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa daga gaba yake fitowa. Wanda ya kashe birkin gaba ya zubar da wannan, ya rage da tayar da ba ta da nauyi a kanta. Da ya taka da ƙarfi sai ta kulle, ta yi ta jan ƙasa tana wutsil-wutsil, babur bai tsaya ba kuma bai miƙe ba. Wannan baƙin layin da kake gani a kwalta inda aka yi haɗari, yawanci sa hannun birkin baya ne.

Ka yi lissafi. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta ba da umarni, ƙafa ta motsa, wannan mita 17 ɗin ta tafi. Kuma idan gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke buƙata ninkawa huɗu take yi. Yanzu ka sa shi a tsakiyar ayari. Na gabansa birkinsa biyu lafiya lau, ya ga rami ko akuya ya tsaya cak. Ɗanka yana bayansa da birki ɗaya. Ina zai shiga? Kuma na bayansa su ma a kansa za su zube.

Ban ce maganar ba ta da tushe ba. Tushenta keke ne, inda yaro zai damƙe birkin gaba ya yi alkafura ta saman kai, sai ya girma da tsoron. Keke ba shi da nauyi, babur kuwa ya fi kilo 100 kuma nauyinsa a ƙasa yake. Sannan gaskiya ne, idan ka fizge birkin gaba a cikin yashi, ko kan tsakuwa, ko kana kwance cikin kwana, ko kan babur a karkace, tayar za ta kulle ka sha ƙasa. Unguwanninmu kuwa yashi ne, shi ya sa kowa yana da labarin wanda ya faɗi. Amma laifin fizga ne. Birkin gaba matsa shi ake yi kamar mai matse lemun tsami: a fara a hankali har nauyi ya sauka kan tayar, sannan a ƙara ƙarfi, ƙafa kuma tana taimakawa ta baya, babur a miƙe. A yashi a rage gudu tun da wuri, a fi dogara da na baya. Wannan koyonsa ake yi, ba a gadonsa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu gyaran da ke yin wannan aiki. Yaro ya yi wata shida yana wanke fulogi, ya sami sufana biyu da inuwar dalbejiya, shi ke nan ya zama bakanike. Ka ce ya kwance birki, ya kwance, ya karɓi sefa 200, har ya ƙara maka da cewa ai Turawa ne suka sa shi don ƙasarsu ba yashi. Wane Bature? Yawancin baburan nan daga Indiya da Sin suke zuwa. A Indiya, inda ake ƙera Bajaj da TVS, tun 2019 doka ta wajabta wa ƙananan babura tsarin da idan ka taka birkin baya, na gaba ma zai kama tare da shi, manya kuma sai da ABS, na'urar da ke hana taya kullewa. Masu ƙera abin suna neman hanyar tilasta wa mutum amfani da birkin gaba, mu muna biyan kuɗi a cire. A shingen hanya kuma za a tsare yaro a juya takardunsa gaba da baya, ban taɓa jin wanda aka ce ya matsa birki a gani ba.

Ga abin da za ka yi. A mayar da babur wurin mai gyara na ƙwarai, a sa wa wayar mai ko a canza ta, a saita hannun ya yi wasa kamar milimita 10 zuwa 20 kafin ya kama. Ka gaya wa yaron da bakinka cewa an taɓa birkin, domin in bai sani ba, hannunsa zai nemi abin da babu. Ya sami fili mai ƙasa tauri ya yi ta gwaji da gudun kilomita 20, sannan 30, har hannun ya saba. A ayari kada su jera taya bayan taya. Ɗaya dama ɗaya hagu, da tazarar daƙiƙa biyu tsakaninsa da wanda ke gabansa kai tsaye, sabon shiga kuma a sa shi kusa da jagora don kada ya yi ta gudu yana neman cim musu. Hular kwano a kai, igiyarta a ɗaure a haɓa, ba a rataye a gwiwar hannu ba. Su juyo kafin magariba, saboda shanu da manyan motocin auduga. Ya kira uwarsa in sun isa, ya kira in za su taso.

In ka ga dama ka aiko shi ranar Asabar da safe, saitin bai fi minti 10 ba, kuma ina so in ga tayar gaban da idona.