Tambaya da Amsa: Soja Nawa Ne a Cikin Mutum-mutumi Ɗaya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Wani abokina da ya dawo daga karatu a Ingila ya zo da wasan yaƙin zamanin da wanda ake kira DBA, inda ake jera ƙananan mutum-mutumin sojoji a kan tebur. Mun buga yaƙin Kanne, amma na kasa gamsuwa: rundunar Rumawa ba ta wuce mutum-mutumi hamsin ba, kuma cikin awa ɗaya muka gama abin da tarihi ya ce an wuni ana yi. Shin wannan ba yaudarar kai ba ce? Daga wani mai karatu, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, tambayarka ta taɓo ainihin abin da ke hana masu tsara irin waɗannan wasanni barci, kuma zan fara da lissafi domin ka ga girman matsalar da idonka.

Mutum-mutumin da abokinka ya kawo, idan irin wanda aka fi amfani da shi ne, tsayinsa milimita 15 ne, wato kusan kashi ɗaya cikin ɗari na tsayin mutum. Da a ce an auna fili da wannan ma'aunin, allon wasan mai faɗin santimita 60 da bai wuce mita 60 ba, bai ma kai tsawon filin ƙwallo ba. To, a yaƙin Kanne da aka gwabza a kudancin Italiya a shekara ta 216 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), masanin tarihi Folibiyus ya ce Rumawa sun fito da dakaru kimanin 80,000 da mahaya 6,000, abokin gabarsu Hanibal, janar na Kartaj da ke Arewacin Afirka, kuwa yana da kimanin 50,000. Ko da a ce faɗin sahun kilomita biyu ne kacal, sai ka nemi tebur mai tsawon mita 20 kafin ka shimfiɗa shi. Babu ɗakin da zai ɗauki wannan, balle aljihun da zai sayi mutum-mutumi dubu ɗari da talatin da shida.

Saboda haka aka raba girman mutum-mutumi da ma'aunin fili. Abin da dokar wasan ta sani shi ne ɗan katakon da aka manna sojojin a kansa, mai faɗin milimita 40, domin shi ne ke nuna yawan ƙasar da wani ɓangare na runduna ya mamaye. Mutum-mutumin uku ko huɗu da ke tsaye a kai alama ce kawai da ke gaya maka cewa waɗannan masu mashi ne, waɗancan 'yan baka. Wasan DBA, wanda Phil Barker da abokan aikinsa suka fitar a 1990, ya ba kowace runduna katako 12, babba ce ko ƙarama. Idan ka raba Rumawan Kanne a kan goma sha biyu, kowane katako ya ɗauki mutum fiye da 7,000, alhali a wani ƙaramin yaƙi wannan katakon bai fi 'yan ɗaruruwa ba. Tsofaffin dokokin da suka gabace shi sun fi son ƙayyade adadi, misali mutum-mutumi ɗaya a madadin soja 20, ana cire su ɗaya bayan ɗaya ana rubuta asara a takarda, har wasa ya koma aikin akawu.

Inda abin ya fi wuya shi ne lokaci, kuma a nan nake so ka tsaya da ni. A bugun DBA na farko-farko, inci ɗaya a kan allo yana nufin taku 100, dakaru masu nauyin kaya suna tafiyar taku 200 a zagaye ɗaya, wato duk lokacin da layin motsa sojoji ya zo kan ɗan wasa, shi kuma zagayen an ɗauke shi a matsayin kimanin minti 15. Taku 200 bai wuce mita 150 ba, kuma duk mai lafiya zai yi wannan tafiyar cikin minti biyu. Ina sauran minti goma sha uku suka tafi? Sun tafi ne a tsayuwa: ana jiran manzo ya iso da umarni, ana gyara sahun da ya karkace, ƙura ta turnuƙe ba a ganin tuta, mutanen gaba kuma suna ɗari-ɗari da tsinin mashin da ke jiransu. Shi ya sa a farkon kowane zagaye ake jefa ƙwayar lido, lambar da ta fito ita ce yawan ƙungiyoyin da za ka iya motsawa. Ranar da na fara buga wasan, ɗaya ta fito mini a daidai lokacin da nake buƙatar juya mahayana, ina ji ina gani aka zagaye gefen hagu na sahuna, kuma a wannan lokacin ne na fahimci abin da littattafai suka daɗe suna faɗa mini game da kwamandan da muryarsa ba ta wuce 'yan taku.

Ka kwatanta wannan da wasan horar da hafsoshi da wani hafsa mai suna Reisswitz ya gabatar wa rundunar Furusiya, tsohuwar daular Jamusawa, a 1824, inda taswira take kan ma'aunin 1 cikin 8,000, kowane zagaye kuma minti biyu cif. Wannan ya yiwu ne domin sojojin zamanin suna da littafin fareti da ya ƙayyade taku nawa ake yi a minti. Yaƙin zamanin da ba shi da irin wannan shaida, adadin sojojin ma marubuta sun sha bamban a kai. Farfesa Philip Sabin na Landan, a tsarin da ya wallafa a 2007, ya ajiye ma'aunin inci gaba ɗaya ya raba fili gida 20 kawai, kuma a ganina wannan ya fi kusa da gaskiyar iliminmu fiye da awon da ke nuna kamar mun san inda kowane soja ya tsaya.

Ba na cewa babu abin da aka rasa. A Kanne, Rumawa sun tara sahunsu da zurfi fiye da al'ada, cunkoson da ya biyo baya kuwa yana cikin abin da ya hallaka su bayan an rufe su ta ko'ina, kuma katako 12 ba ya nuna wannan zurfin yadda ya kamata. Idan za ku sake bugawa, ku haɗa runduna uku-uku a kowane ɓangare, wato katako 36, tsarin da dokokin wasan suka tanada domin manyan yaƙe-yaƙe, ku jera Rumawa sahu bayan sahu da kogi a damarsu. Sannan kai ka riƙe Hanibal, ka gwada ko za ka iya barin tsakiyarka ta ja da baya sannu a hankali ba tare da ta karye ba, har mahayanka su kori na Rumawa su dawo ta bayansu.