Tambaya da Amsa: Wasan Bidiyo na Mutum Ɗaya ko na Taro a Intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Zariya, magidanci, kuma kwanan nan na sayi PlayStation 4 na hannu. Na fi jin daɗin wasannin labari da nake yi ni kaɗai, irin su God of War, amma ƙannena duk sun koma PUBG Mobile da Free Fire, suna ce mini wasan da ba a kara da ɗan Adam a cikinsa ba wasa ba ne. Shin da gaske akwai abin da ke wuce ni, kuma me ya sa ra'ayinmu ya bambanta haka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ƙannenka suna da gaskiya ta wani ɓangare, amma hukuncinsu ya yi tsauri, domin kai da su ba abu ɗaya kuke nema ba. Tun a 1996 wani masani ɗan Ingila, Richard Bartle, ya kasa 'yan wasa gida huɗu: masu son cimma buri, masu son yawo da binciken duniyar wasan, masu son hira da zumunci, da masu son nuna wa wasu fin ƙarfi. Wasannin intanet na zamaninsa yake nufi, amma rabon yana da amfani har yau. Wanda gasa da zumunci suka fi ja, ba zai ƙoshi da kayar da kwamfuta ba. Wanda labari ya fi ja kuwa, hayaniyar taro damunsa take yi.

A ganina, babban bambancin yana ga tambayar wane ne ke riƙe da lokacinka. Wasan mutum ɗaya jiranka yake yi: idan aka kira salla, ko baƙo ya yi sallama, ko yaro ya farka da kuka, maɓalli guda za ka danna komai ya tsaya cak, ka dawo bayan awa uku ka tarar da jarumin inda ka bar shi. Wasan taro ba shi da wannan maɓallin. A PUBG mutum ɗari ake saukewa a tsibiri, fili yana ta tsukewa, zagaye guda yana iya kai rabin awa, kuma idan ka ajiye waya ka bar abokan tawagarka uku a hannun abokan gaba. Free Fire ya rage abin zuwa mutum hamsin da kimanin minti goma, wanda hakan, tare da yadda yake tafiya a ƙananan wayoyi, na cikin dalilan karɓuwarsa. Sannan God of War na 2018 yana da ƙarshe, awa ashirin da wani abu ka kammala labarin, alhali wasannin taro an gina su ne don kada su ƙare. Kamfanin da ya ba ka wasa kyauta daga sayar da kayan ado da tikitin kakar wasa yake cin riba, shi ya sa yake ajiye maka ladan shiga kullum, yadda idan ka yi fashin kwana biyu za ka ji kamar ka yi asara. Saurayi mai sararin lokaci ba ya jin nauyin wannan, magidanci kuwa yana ji.

Akwai kuma matsalar nisa, wadda 'yan wasa ke kira ping, wato tsawon lokacin da umarninka ke ɗauka ya je babbar kwamfutar kamfani ya dawo. Waɗannan kwamfutoci galibi suna Turai, Gabas ta Tsakiya ko Afirka ta Kudu. Idan ka danna harbi a Zariya, saƙon kan bi ta Legas, ya shiga wayar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, ya isa can, sannan amsa ta biyo hanya. Haske a cikin irin wannan waya yana gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, kuma tsakanin Legas da Landan akwai kimanin kilomita 5,000 a miƙe, don haka zuwa da dawowa kaɗai ya cinye milisakan 50 (milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa) tun kafin a lissafa lanƙwasar hanya da cunkoson sabis. A aikace abin yakan haura 100, yayin da wanda ke kusa da kwamfutar yake wasa da 20 ko 30. Shi ya sa za ka ga yaro ya rantse ya riga ya shige bayan bango, amma aka kashe shi. Ba ƙarya yake yi ba: a allonsa ya shige, a lissafin kwamfutar bai kai ba. Ƙara da ɗaukewar wuta da tsadar data, sai ka ga mai wasa shi kaɗai ya huta da abubuwa da yawa.

Inda ƙannenka suka yi daidai shi ne, kwamfuta tana da iyaka. Kowane dodo a wasan labari yana da salon da za ka haddace bayan ya kashe ka sau biyar, amma ɗan Adam yana yaudara, yana tsorata, yana yin wautar da ba wanda ya zata, kuma nasara a kansa tana da wani ɗanɗano na daban. Mu ma da muka tashi a gidajen gem mun san wannan: benci guda, talabijin guda, ana buga wasan ƙwallo na PES, wanda aka ci shi ke biyan kuɗin wasan, 'yan kallo na bayansa suna yi masa tsiya har gida. Sai dai a lura, wancan zama ne na ido da ido, akwai kunya a cikinsa. Baƙon da ke zaginka ta lasifikar kunne daga wata nahiya bai san ka ba, ba kuma zai haɗu da kai a masallaci gobe ba.

Batun mallaka ma abin dubawa ne tunda kuɗinka ka sa. Wasan da ya dogara da intanet yana raye ne muddin kamfani bai kashe kwamfutocinsa ba. Kamfanin Ubisoft ya rufe wasansa na The Crew a ƙarshen Maris na 2024, waɗanda suka saye shi suka wayi gari ba ya buɗuwa ko da faifan yana hannunsu, Sony kuma ya janye wasan Concord a Satumbar shekarar, mako biyu kacal bayan fitowarsa, ya mayar wa mutane kuɗinsu. Faifan God of War ɗinka kuwa zai yi aiki ko babu sabis. Ka kuma sani cewa a PlayStation 4 yawancin wasannin da ake saya sai ka biya kuɗin PlayStation Plus, wato rajistar Sony ta wata-wata ko shekara, kafin ka kara da mutane a intanet, ban da na kyauta irin su Fortnite.

Shawarata ita ce ka ci gaba da wasanninka na labari, kada ka biya PlayStation Plus a yanzu. Idan zumuncin ƙannenka kake so, ka sa Free Fire a waya ka ware musu dare ɗaya a mako, ko kuma, wanda na fi so, ka sayi madanni na biyu da faifan ƙwallo, ka gayyace su gida ranar Asabar bayan la'asar.