Ku Tambaya Mu Amsa: Wai za a kai ɗana basket Turkiyya

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ɗana ne shekararshi 16, tsawonshi ya kai mita 1,95, kullum da la'asar yana filin basket har mun gaji da faɗa mun ƙyale shi. To wani mutum ya ga bidiyonshi ya kira ni ta WhatsApp wai zai kai shi wani kulob a Turkiyya amma in fara ba da jaka 800 na biza da takardu. Uwarshi ta ce sam, ni kuma har na fara tunanin saida gonata ta wajen Tibiri. Wai ana cin abinci da wasan nan kuwa?
Wani uba daga unguwar Ali Ɗan Sofo, Maradi

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Gonar nan dai a bar ta inda take, Hajiya ta fi ka gaskiya wannan karon, ka yi haƙuri.

Ana ci kam, sosai ma. Hakeem Olajuwon a Legas aka haife shi 1963, gola ne a ƙwallon ƙafa kafin ya taɓa ƙwallon kwando yana wajen shekara 15, amma ka lura da ƙofar da ya bi, jami'ar Houston ya tafi a 1980 ya yi wasa yana ɗalibi, sai 1984 Houston Rockets suka ɗauke shi na ɗaya a zaɓen sabbin 'yan wasa na NBA, babbar gasar basket ta Amurka, a shekarar da Michael Jordan ya zo na uku. Ya ci kofin NBA 1994 da 1995, kuma da azumi a bakinshi yake shiga fili in Ramadan ya zo, ni abin da ya sa nake ƙaunarshi ke nan. Pascal Siakam na Kamaru shi ma a sansanin horo na Luc Mbah a Moute, ɗan ƙasarsu da ya yi wasa a NBA, aka gano shi, ya bi ta makaranta a Amurka sannan ya ci kofi da Toronto 2019.

Kulob na gaske shi ke biyan tikiti da biza, shi ke neman ɗan wasa. Kuma dokar FIBA, hukumar basket ta duniya, ta hana a kwashi yaro ɗan ƙasa da 18 zuwa kulob na wata ƙasa sai da izini na musamman, to ka tambayi mutuminka wannan takardar ina take, ka ce kuma za ka kai sunanshi hukumar basket a Yamai a bincika, ka ga in zai sake ɗaga waya.

Yanzu ma ba sai an haye teku ba, akwai gasar BAL ta kulob-kulob na Afirka da aka fara a Kigali 2021, ga Kano Pillars nan kusa da mu suna da ƙungiyar kwando mai tarihi. Yaro ya riƙe lakwal, ya samu koci, ya buga gasar gida a san shi a Yamai tukuna.

In kuɗin na cizonka a aljihu ka saya mishi takalmi na ƙwarai, don mai wannan tsawon na san samun lambar ƙafarshi a babbar kasuwa sai an sha yawo.